Ƙaura Zuwa Garin Ilimi: Darasi Daga Tudun Wurno

(Taken shiri)

  Muna miƙa gaisuwa ga mutanen Wurno da Rabah da Goronyo, da manoman da ke bakin fadama, da malamai da ɗalibai, da iyayenmu mata da ke saurarenmu daga cikin gida.

Kowace shekara, da zarar jami'o'i da kwalejoji sun fitar da sunayen ɗaliban da suka ɗauka, gidaje da yawa a gabashin Sakkwato sukan shiga shawara. Yaro ya samu gurbi a Dutsin-Ma ko Gusau. Yarinya ta samu a Zuru ko Dutse. Wani malami kuma an ba shi aiki a can, yana ta saƙe-saƙe, ko ya tafi da iyali ko ya bar su gida. Garuruwan nan matsakaita ne, ba su kai Kano ko Kaduna girma ba. Duwatsu na kewaye da su, kuma makaranta na cikin manyan abubuwan da ke motsa kasuwarsu. Irin wannan ƙaura ita ce maganarmu ta yau. Daga gida za mu fara, domin kusan shekara 200 da suka wuce, Wurno ce garin da masu neman ilimi ke ɗaura kaya su nufa.

(Kiɗa)

Wanda ya taɓa shiga Wurno ya san a kan tudu take, a gefen wani dogon dutse da ke kallon kwarin Gulbin Rima. In ka tsaya a sama, fadama ce shimfiɗe a gabanka iya ganinka. Wannan wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zaɓa wajen shekarar 1830. Shi ne ya gina Sakkwato tun 1809, kuma tun 1817 yake kan gadon sarauta. Ba abin da ya rasa a babban birni. Duk da haka ya tashi ya koma sabon gari, kusa da bakin daga, inda Gobirawa da abokan ƙawancensu ke kawo hari daga arewa maso gabas.

Wurno ribaɗi ce, wato gari mai ganuwa da ake kafawa a kan iyaka, mutane su zauna cikinsa da iyalansu, suna noma, suna karatu, suna gadin ƙasa. Bello ya rubuta littafi sukutum a kan wannan tsari, ya kuma aiwatar da shi a wurare da dama na wannan yanki. Rabah na cikin garuruwan da suka tashi ta wannan hanya, haka ma Shinaka da ke ƙasar Goronyo a yau. 'Ya'yansa na cikinsa ya riƙa turawa su zauna a irin waɗannan garuruwa, don talaka ya san wurin da aka ce ya koma, ɗan sarki ma can yake kwana.

Me ya sa mutane suka yarda suka bar inda suka saba? Amsar tana cikin wasiƙar da Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji a kan ginshiƙan mulki. A ciki ya nuna cewa wajibi ne shugaba ya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masu magani, ya rarraba su cikin garuruwa, ya gina ganuwa, ya gyara hanya da kasuwa, ya sa jama'a su tanadi abinci. Abin da ya faɗa wa Dallaji shi ya yi a Wurno. Tudu ya ba da tsaro, domin ana hango mahari tun daga nesa. Fadama ta ba da ruwa da abinci rani da damina. Ya jawo Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, 'ya'yansu su yi karatu. Sai da malami ya tabbata iyalinsa za su ci su ƙoshi su kwana lafiya, sannan ya shimfiɗa buzu ya buɗe littafi.

Kuma malamai sun zo. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da uwargidansa Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun zauna tsakanin Sakkwato da Wurno. Ita Nana Asma'u ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda shugabannin mata da ake kira jaji ke jagorantar matan ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan uwansu. Alhaji Umarul Futi, da ya dawo daga Makka, ya yi shekaru a wajen Bello, ya auri 'yarsa, bai bar ƙasar ba sai bayan rasuwar Bello. A Wurno Allah ya yi wa Bello rasuwa a 1837, hubbarensa na nan har gobe ana ziyarta. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma a Wurno ya zauna.

A zamanin Aliyu Babba ne, cikin 1853, Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka a Wurno ya yi makonni. A wannan tafiya ya haɗu da Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu, malamin Salame, ya kuma shaida cewa bai ga wanda ya kai shi ilimi ba cikin mutanen wannan ƙasa na lokacin. Har a 1885, da Turawan kamfanin Ingila suka aiko Joseph Thomson neman yarjejeniya, a Wurno ya iske Sarkin Musulmi Umaru. Sai bayan da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, harkokin mulki suka tattara gaba ɗaya suka koma babban birni. Wurno ta ci gaba da noma da karatun zaure, amma ayarin masu zuwa daga nesa ya ragu.

(Kiɗa)

Masu sauraro, Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, garin da ke gindin duwatsun Azbin. Saboda haka barin gida don karatu gado ne a wajenmu. Abin da ya canja bayan zuwan Turawa shi ne alƙiblar tafiyar.

Ku ɗauki labarin wani yaro da aka haifa a Rabah a 1910, ɗan Sarkin Rabah Ibrahim, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, wanda shi kuma ɗan Muhammadu Bello ne. Sunansa Ahmadu. Ya fara da makarantar allo a gida, ya shiga makarantar lardi a Sakkwato, sannan a 1926 aka tura shi Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922. A ƙasa suka yi tafiyar, kwana da kwanaki. A can ya zauna da 'ya'yan Barno da Bauci da Adamawa da Ilori, cikinsu har da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya gama a 1931 ya dawo Sakkwato yana koyarwa a Midil, a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah, a 1938 ya zama Sardauna. Da ya zama Firimiyan Jihar Arewa, ya tsaya tsayin daka sai da aka buɗe jami'a a Samaru ta Zariya a watan Oktoba na 1962, ba nisa da dutsen Kufena. Samaru, wadda da tashar binciken noma aka fi saninta, ta zama gari mai cike da malamai da ɗalibai daga kowace kusurwa ta Afirka.

A labarin Sardauna akwai abu biyu da ya kamata mai shirin ƙaura ya riƙe. Ya tafi da niyyar ɗebo abin da babu a gida, kuma da ya ɗebo ya dawo da shi. Abokan da ya yi a Katsina su ne suka zama abokan aikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Yau garuruwan karatu sun yawaita. A 2011 gwamnatin tarayya ta kafa jami'a a Dutsin-Ma ta Jihar Katsina da kuma Dutse ta Jihar Jigawa. A 2013 aka kafa ta Gusau, garin da ke maƙwabtaka da dutsen Kwatarkwashi. A 2020 kwalejin noma ta Zuru ta zama jami'ar tarayya. Ga kwalejojin kimiyya da fasaha a Ƙaura Namoda da Talata Mafara. Ga na gida kuma, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975, da jami'ar jiha. Ɗan Goronyo da ya ci jarrabawa yana da zaɓin da kakansa bai taɓa mafarkin samu ba. To amma kafin a ɗaura akwati a bayan mota, me ya kamata a bincika?

(Kiɗa)

Abu na farko shi ne makwanci. Yawancin sababbin jami'o'in nan ɗakunan kwanansu ba su isar ɗalibai, sai da yawa su kama haya a unguwannin da ke bakin gari, inda kuɗi ya fi sauƙi. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga suka shiga unguwar Sabon Gida da ke kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau cikin dare, suka kwashe ɗalibai, akasarinsu mata, daga gidajen haya. Ba a cika mako biyu ba, a farkon Oktoba, aka ɗauke ɗalibai mata 5 na jami'ar Dutsin-Ma daga gidan da suke zaune a wajen makaranta. Mun ambaci wannan ne don iyaye su gane inda raunin yake. Alhaji, in 'yarka ta samu gurbi, ka je da ƙafarka ka ga ɗakin da za ta kwana. Ka fara neman na cikin makaranta. In bai samu ba, ka zaɓi gida a tsakiyar jama'a, ko da hayarsa ta fi tsada. Ka tambaya ko unguwar na da 'yan sintiri, ka duba katanga da ƙofa, ka ga ko bayan gidan daji ne ko dutse. Dutsen da ke ƙawata gari da rana, shi ne mafakar ɓarayi da dare in babu mai gadinsa.

Na biyu shi ne ruwa, kuma a nan mutumin Rima yakan sha mamaki. Mu a fadama mun saba, haƙa kaɗan ka tarar da ruwa, domin ƙasarmu yashi ce da laka da ke riƙe shi. A garuruwan duwatsu irin su Dutsin-Ma da Zuru da Dutse, ƙarƙashin ƙasa fa ne mai tauri, ruwa na taruwa ne a tsagin dutse kawai. Shi ya sa za ka ga an haƙa rijiyar burtsatse a gida ɗaya ta kawo ruwa, ta maƙwabcinsa ta fito a bushe. Rijiyar da ke cike a watan Satumba kan iya ƙafewa kafin Afrilu. Kada a biya kuɗin haya sai an tambayi maƙwabta yadda suke yi da bazara, da nawa mai garuwa ke sayar da kura. Dillali ba zai gaya maka wannan ba. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku shi ne lissafin aljihu. A garin makaranta farashi na tafiya ne da kalandar karatu. In ɗalibai suka dawo, haya da abinci da kuɗin kabu-kabu duk su tashi. In aka tafi hutu ko yajin aiki, kasuwa ta mutu. Wannan ya shafi wanda zai je da niyyar sana'a, mai shayi ne ko mai gyaran waya ko mai buga takardu a kwamfuta. Duk wanda ya ga yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata 8, ya san yadda shaguna suka rufe a bakin ƙofofin jami'o'i. Mai hankali yakan nemi abokan ciniki cikin mutanen gari tun farko, ya kuma ajiye wani abu don watannin da makaranta ke rufe. Ɗalibi kuwa, buhun shinkafar gida da albasa da busasshen kifi da aka aza masa a mota sun fi kuɗin da za a riƙa turo masa kaɗan-kaɗan albarka.

Na huɗu shi ne zama da mutane. Ɗana, 'yata, in kun isa, ku nemi mai unguwa ku gaishe shi, ku san limamin masallacin da ke kusa, ku san sunan maƙwabcinku. A Zuru za ku tarar da Dakarkari masu harshensu da bikinsu na Uhola, Musulmi da Kirista a gida ɗaya. A Dutse da Dutsin-Ma za a yi muku dariyar Sakkwatanci, ku ma ku ji nasu harshen wani iri. Wannan duk cikin karatun ne. Ku nemi ƙungiyar ɗaliban jiharku don ku san juna, amma kada ku kulle kanku a cikinta. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ku cikin dare, maƙwabci ne zai kai ku asibiti kafin labari ya iso gida.

Ga malami ko ma'aikaci mai iyali kuma, tambayoyin sun ƙaru. Ina makarantar da yara za su shiga, ta boko da ta Islamiyya? Ina asibitin da uwargida za ta je awo? Ƙarfe nawa ake daina bin hanyar da ta haɗa garin da gida? Da yawa sukan fara zuwa su kaɗai, su ga damina su ga rani, sannan su ɗauko iyali. Wannan dabara ce mai kyau, muddin ba ta zama rabuwar shekara da shekaru ba, domin tarbiyyar yara ba ta yiwuwa ta waya.

(Kiɗa)

Yanzu bari mu juyo da tambayar gida. In wani malami daga Zariya ko Maiduguri ya samu aiki a Wurno gobe, zai yarda ya zo da matarsa da 'ya'yansa?

Abin da zai jawo shi yana nan. Gwamnatin jiha ta kafa Kwalejin Koyon Aikin Gona da Kiwon Dabbobi a Wurno, kuma da wuya a sami wurin da ya fi dacewa da ita. Ga gonakin noman rani da aka gina madatsar ruwa ta Lugu don shayar da su, inda ake fitar da shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa. Ga madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a 1984, wadda aka gina don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Mai binciken iri ko ban ruwa ko cututtukan dabbobi zai sami aikin shekaru a bakin ƙofarsa. Matsalolin da ke jiran bincike ma a fili suke. Ambaliyar 2010 ta cinye gonaki da ƙauyuka a kwarin Rima, har ta karya gadar da ke kai mutum mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuma ruwan madatsar Goronyo ya ja baya ƙwarai, har birnin Sakkwato ya shiga fargabar ƙishirwa.

Duwatsun namu ma ajin karatu ne. Masana ilimin ƙasa sun raɗa wa wasu shimfiɗun duwatsun wannan yanki sunayen Wurno da Taloka da Dukamaje, kuma da waɗannan sunaye ake koyar da su a jami'o'i. A cikinsu aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku dangin ƙadangare, wadda masana daga Italiya suka sa wa suna Goronyosaurus a 1972. Masanan sun ce teku ta taɓa rufe wannan ƙasa fiye da shekara miliyan 60 da suka wuce. Sunan Goronyo na cikin littattafan kimiyya na duniya, kuma ya dace ɗan Goronyo ya kasance cikin masu rubuta su.

Abin da zai hana baƙon malami zuwa shi ma kowa ya san shi. Mutanen Rabah ba su manta da harin Tabanni na watan Yuli 2018 ba, da dubban da suka yi gudun hijira zuwa Gandi. Mutanen Goronyo ba su manta da ranar kasuwar nan ta Oktoba 2021 ba, da aka kashe gommai cikin masu saye da sayarwa. Allah ya jiƙansu da rahama. Inda manomi ke tsoron zuwa gona, malami ba zai kawo iyalinsa ba. Zai kama gida a Sakkwato, ya zo da safe, ya koma kafin la'asar. Ɗalibi ba zai same shi da yamma ya yi masa tambaya ba, kuɗin albashinsa kuma a wata kasuwa za a kashe su. Da haka sai a wayi gari akwai kwaleji a gari, amma garin bai zama garin ilimi ba.

Tsarin da Muhammadu Bello ya bi shi ne har yanzu mafita: tsaro tukuna, sannan ruwa da abinci da masu sana'a, sannan malamai su zo da kansu. Ya kuma zauna a Wurno da kansa, ya mutu a wurin.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin jiha da ta tarayya da su tsare hanyoyin da suka haɗa Sakkwato da Wurno da Goronyo da Rabah dare da rana, su gina gidajen malamai da ɗakunan kwanan ɗalibai a cikin harabar kwalejin Wurno, da katanga da ruwa da wutar sola. Muna kira ga masu hali 'yan asalin waɗannan garuruwa, da ke Abuja da Legas da Kano, su zuba wani abu daga dukiyarsu a gina gidajen haya masu mutunci a gida. Iyayenmu sarakuna da hakimai da masu unguwanni, ku karɓi baƙon da ya zo koyarwa ko koyo hannu biyu, ku hana a tsawwala masa haya, ku tuna baƙonka Annabinka. Ku kuma samari da 'yan mata da za ku tafi Dutsin-Ma da Zuru da Dutse da Gusau bana, ku tafi da albarkar iyaye, ku kama karatu da gaske, ku dawo da shi gida, domin fadamar Rima na buƙatar injiniyoyi da likitocin dabbobi da malaman makaranta daga cikin 'ya'yanta.

A nan za mu dakata a shirin namu na yau. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya tsare matafiya, ya ba ɗalibanmu ilimi mai amfani.  

(Taken rufewa)